Carar Zakaran Dagaci

Ranar Talata ce, an kwana ana ruwa. Dagaci ya tara mutane a ƙofar gidansa. Ciwon kaji ya share zakarun garin, nasa kaɗai ya rage.

Ya ce, "Zakarana ke tashinku da asuba. Kowane gida ya kawo mudun gero. Wanda ya ƙi, kada ya kuskura ya ji carar. In ya ji, a bakin akuyarsa."

Jatau maƙeri ba shi da gero, akuyarsa kuma guda ce tak. Ya matso ya gurfana.

"Ranka ya daɗe, in akuyata ta shiga gonarka, laifin wa?"

"Naka mana! Kowa ya ɗaure abinsa."

"Madalla. To a ɗaure carar nan. Kullum sai ta tsallako dangata ba sallama."

"Kai Jatau, kanka ɗaya kuwa? Wa ya taɓa ɗaure cara?"

"To wadda na ji yau, ta rage maka taka?"

Dagaci ya ce, "Ba ta rage ba."

"Ashe naman ne naka, ranka ya daɗe. In na ci cinya ka rasa cinya, kuma kana iya hana ni. Cara kuwa ta gari ce, mu da kai."

Wuri ya kaure da dariya. Dagaci ya kaɗe rigarsa ya shige gida, maganar gero ta mutu.

Washegari zakara ya yi cara. Jatau ya tashi, ya ƙara wa akuyarsa igiya don kada ta shiga gonar Dagaci, ya tafi maƙera.