Landirobar Ubale a Tsakiyar Rafi

A garin Ƙofa akwai wani manomin masara mai suna Ubale. Ba shi da rowa, ba shi da faɗa, cutarsa ɗaya ce: yana son a kalle shi. Da mahaifinsa ya rasu ya bar masa tsohuwar landiroba, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda a zamaninta babu taɓon da ke tsayar da ita daga Kiru har Doguwa. Ta daɗe a ajiye a bayan gidansu kaji na ƙwai a cikinta, kafin Ubale ya kai ta Kano a tashe ta. Aka yi mata fenti kore shar, da sababbin kujeru da madubai masu ɗaukar ido.

Tayoyinta ne kawai suka tsaya masa a rai. Manya ne masu kaushi, na shiga daji, kuma da sauran ƙarfinsu. Ya ce sun yi kama da faso a ƙafar amarya. Ya cire su ya sa sumul-sumul irin na motocin birni, tsofaffin kuwa ya sa aka tsaga su, suka zama komin shan ruwan awaki.

Ni mai ba ku labarin nan ma ban tsira ba. Ran kasuwa na nemi ya rage mini hanya, ya dubi takalmina ya ce in hau baya. Ni! Da ko angwaye ke zuwa tambayata inda nake sayen turare. Na yafe masa, mantawa ce dai ban yi ba.

A ƙarshen damina aka sa bikin 'yarsa Shamsiyya. Za a kai ta wani ƙauye bayan Burumburum, sai an tsallake rafi. Uwarta Asabe tun yarinyar tana firamare take tara mata kayan ɗaki da sana'ar ƙuli-ƙuli: gado, katifa, kwanuka, da keken ɗinki.

Ranar jere Asabe ta ce, "Malam, a nemo tarakta ta kai kayan nan. An yi ruwa a Doguwa jiya, rafin nan ba shi da amana."

"Tarakta? Kayan 'yata a motar kwasar taki?" in ji Ubale. "Motar Baba ta sha tsallake shi."

"Da tayoyinta ta tsallake, Malam. Ga su can awaki na shan ruwa."

"Ke dai ki tanadi guɗa."

Aka loda kayan a landirobar, aka kama hanya. A bakin rafin mata 'yan jere suka sauka, suka tattare zannuwa suka tsallake da ƙafa, ruwa iya gwiwa. Ubale ya gyara hula a madubi, ya jira sai da ya tabbata mutanen ƙauyen sun taru, sannan ya shiga. A tsakiya motar ta tsaya. Ya sa giyar ƙafa huɗu, duka huɗun suka yi ta juyawa a laka ba su kama komai ba. Yana tsaka da haka ruwan Doguwa ya iso, ja wur. Mutane suka jefa masa igiya suka jawo shi. Motar ta karkata, kayan suka zame ɗaya bayan ɗaya.

Asabe ba ta yi ihu ba. Ta tsaya tana kallon katifa har ta sha kwana. Wani murfin kwano ya maƙale a ciyawa, ta ɗauka, ta goge da mayafinta, ta riƙe.

Da tabarmar aro Shamsiyya ta shiga ɗakinta. Da ruwa ya janye, shanun huɗa suka jawo motar, injin cike da yashi. Yau tana bayan gidansu inda take a da, kaji sun koma. Asabe ta ci gaba da ƙuli-ƙulinta, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Ubale kuwa kullum da hantsi yana zaune a ƙofar gida, yana kallon awaki suna shan ruwa. In ka yi masa sallama sai ka maimaita.

Darasin a fili yake. Kafin ka cire wani abu don bai yi maka kyau a ido ba, tambayi aikin da yake yi. Wanda ya bar maka mota ya san hanyar da ya bi da ita. Kuma in son a kalle ka ya hana ka jin shawarar na gida, ka tuna ba kai kaɗai za ka yi asarar ba, wani lokaci gumin wani ne ke bayan motar.