Goro Ɗaya Da Ya Hana Rabo

Ku matso, jikokina, ku bar tsokanar juna. A zamanin da, wani sarki ya sami kyautar huhun goro daga amininsa sarkin kudu, tare da wasiƙa. Wasiƙar ta ce: "Goron nan, ko mutum biyu za su raba, ko uku, har zuwa goma, zai rabu daidai, ba saura."

Sarki ya yi murna, ya sa aka zube goron bisa tabarmi. Malamai suka ƙirga, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Aka kasa biyu, ɗaya ya rage. Aka kasa uku, ɗaya ya rage. Malamai suka yini suna gumi, suka gwada sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, har suka gaji. Babbansu ya ce, "Allah ya taimaki sarki, wannan adadi mai taurin kai ne. Ba ya rabuwa, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko kowa ya ɗauki ɗaiɗai."

Waziri ya gyara rawani ya ce, "Ranka ya daɗe, sarki ba ya ƙarya. Madugu Jatau da ya kawo kayan, shi ya ci a hanya. Dubi haƙoransa jajaye! A ƙwace jakunansa, a kore shi daga gari."

Jatau ya faɗi yana rantsuwa, bawan Allah, har da hawaye.

To, akwai wata tsohuwa mai sayar da goro a ƙofar fada, Tabawa. An kirawo ta ne ta yayyafa wa goron ruwa kada ya bushe. Ta durƙusa ta ce, "Zaki, in yi magana? Na ga kun kasa bakwai, nawa ya rage?"

"Ɗaya," in ji sarki.

"Tara fa?"

"Ɗaya."

Ta yi dariya. "Haba Waziri! Wane irin ɓarawo ne zai yi sata kaya su ƙaru? Ba ka taɓa sayen goro da kanka ba, ko? Masu ɗaurin huhu ba sa rufe ganye sai sun jefa gyara. An ce musu su ƙirga kaza, sun ƙirga, hannu kuma ya yi abin da ya saba."

Ta tsame guda ɗaya, aka sake kasawa. Kashi takwas, kowa ɗari uku da sha biyar. Kashi bakwai, ɗari uku da sittin. Daga biyu har goma, ko ɓare bai rage ba. Fada ta kaure da shewa.

Sarki ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce, "Waziri, tashi ka ɗaga Madugu, ka kakkaɓe masa riga da hannunka." Waziri ya yi, yana ta zufa. Jatau ya kora jakunansa gida, da sabuwar alkyabba a kafaɗa.

Nan tatsuniyar ta tsaya. Ku tashi ku wanke hannu, tuwo ya huce.