Taubashin da Ya Yi Kishin Mara Lafiya

Akwai wani ɗan kwalisa a unguwar Woolwich ta London mai suna Nata'ala. Ya iya sa kaya, duk da dai bai kamo ƙafata ba, gaskiya ɗaya ce. Ranar Juma'a in an sallame, shi ake kewayewa a ƙofar masallaci ana sauraron labari.

Yana da taubashi, Saani, mutum marar hayaniya. Tun suna yara a Kano suke tsokanar juna, kun dai san wasan taubasai, ba a fushi.

Sai aka gano Saani yana da ƙari a ƙwaƙwalwa. Likitoci suka sa shi cikin gwajin wani magani da ba a tsaga kai. A aske gashi ƙwal, a manna wasu faifai kamar filasta a fatar kan, wayoyi su sauko zuwa batir cikin jaka. Lantarki mai rauni ne yake ratsawa, da fatan ya rage wa ƙarin saurin girma. Sharaɗin shi ne abin ya wuni a kansa, ya kwana a kansa. Mai yawan cirewa, a fitar da shi daga gwajin.

Daga nan jama'a suka koma kan Saani. Liman yana ambaton sunansa a addu'a. Masu kewaye Nata'ala suka watse, kowa "Sannu Malam Saani, ya ƙarfin jiki?" Har matar Nata'ala ta dafa farfesun kaza ta zuba a kula.

"Na waye?" in ji Nata'ala.

"Na Saani mana."

"Ni da bayana ke ciwo tun azumi, wa ya kawo mini ko ruwan zafi?"

"Baban Mufeeda, kishi kake da mara lafiya?"

"Ni? Allah ya kiyaye!"

Jama'a, kishi ne. Sai dai ya san ba mai hana taubashi magana, don haka ya ɓuya a nan.

Juma'ar farko ya ce, "Taubashi, ka cika ko a ƙara jona ka? Akwai soket bayan liman." Aka yi dariya, har da Saani.

Da ya ji daɗin dariyar, Juma'a ta gaba ya ɗaga murya. "Don Allah kar ka shiga jirgin ƙasa na tube da jaka da wayoyin nan, ga gemu. Sai 'yan sanda su rufe mana tasha!"

Wannan karon dariyar ba ta yi yawa ba. Saani ya yi murmushi, ya tafi gida a ƙasa.

Bayan nan aka fara ganinsa da hula kawai, ba jaka, ba waya. Mutane suka ɗauka sauƙi ne ya samu. Taro ya dawo wajen Nata'ala, ya ci gaba da zuba.

Wata Asabar a kasuwar Woolwich, Zarah matar Saani ta tare shi gaban mai kifi.

"Yaya Nata'ala, hankalinka ya kwanta? Tun ranar da ka yi maganar nan, in zai fita sai ya cire. Ya ce duk wanda ya kalle shi, gani yake waya zai ɗauko ya kira 'yan sanda. Nurse ta yi calling jiya. In bai mayar ba, za su yi dropping ɗinsa daga gwajin."

"Haba Zarah, wasa ne fa! Taubashina ne."

"To taubashin naka ne zai rasa maganin."

Nata'ala ya bar kifin a kan sikeli, ya nufi flat ɗin su Saani. Ya tarar da jakar a bayan kujera.

"Saani, ka mayar da abin nan don girman Allah. Haushi nake ji kowa ya koma kanka, shi ne kawai."

Saani ya dube shi. "Haushi? To zo mu yi musanya."

Nata'ala ya sunkuyar da kai.

"Zan mayar," in ji Saani. "Amma duk inda zan je, kai za ka rataya jakar. In kamu ne, a kama mu tare."

Wayar gajera ce. Haka suka shiga jirgi kafaɗa da kafaɗa, haka suka iso masallaci, ɗan kwalisa cikin babbar riga yana bin Saani da ɗan gudu-gudu. Ko maganin zai yi, Allah ne masani, amma dai Saani yana cikin gwajin.

A bakin ƙofa Mashud, wani dattijo ɗan Kumasi, ya tsaya yana kallonsu. "Ei, Saani! Ka samu sabon yaro?"

Amsa ta zo wa Nata'ala har baki, mai zafi kuwa. Ya haɗiye ta, ya gyara ratayar.

"Baba Mashud, matsa. Kar ka jawo mana waya."

Darasi: Kulawar da ake ba mara lafiya ba gata ba ce da za ka yi kishinta, kuma izinin wasa ba izinin cutarwa ba ne. Kafin ka tsokani ɗan uwanka, duba abin da ke zuciyarka. Ku tura wa taubasanku, kar ku karance ku wuce kamar yadda kuka saba yi mini.