Cibiyar Hansai

Wai wani dagaci ne ya hana marainiya Hansai takardar shaidar 'yar gari, ga shi makaranta sai da ita. Ya ce wa uwarta Lantana, "Mijinki baƙo ne. In nan aka haife ta, tono mini cibiyarta in gani."

Washegari sai ga Lantana da ƙarti huɗu, kowa da diga.

"Ranka ya daɗe, a fitar da shimfiɗa. A filin marigayi na binne ta, inda ka gina zauren nan."

"In ba a samu ba fa?"

"Sai mu shiga turaka, ai filin har can ya kai."

Dagaci ya ce a miƙo biro.

Lantana ta ce, "Biyu za ka rubuta. Ta ƙaninta ma tana nan."