Jitar Irmiya da Muryar Tsohuwarsa

Akwai wani mutum a wata ikkilisiya, sunansa Irmiya, shi ne mai kaɗa jita a sujadar Lahadi. Da ido ya koyi kiɗan. Ya kalli inda wani makaɗi yake ɗora yatsunsa, ya haddace, ya yi ta maimaitawa har hannunsa ya yi sauri. Amma duk kiɗansa a wuri ɗaya yake, can kusa da kan jitar. Sauran dogon wuyan nan, da ƙananan ƙarafan da suka raba shi gida-gida, bai taɓa sanin abin da ke cikinsu ba. In ya zauna gwaji, yatsu suna aiki, hankali kuwa yana filin ƙwallo. Matasan mawaƙa sun saba da shi, shi yake farawa su bi.

To, kun san halin iyayenmu na zumuntar mata. Ba sa jiran mai kiɗa. Inda waƙa ta zo wa mai ɗagawa a maƙogwaro, nan za ta ɗaga ta, makaɗi ya san yadda zai yi.

Mahaifiyar Irmiya, Afiniki, ita ce mai ɗaga musu waƙa tun yana goye. Ta yi doguwar jinya har aka fid da rai, Ubangiji kuwa ya tashe ta. Sai dai muryarta ta sauka, ta yi kauri. Ran da ta fito yin godiya a gaban jama'a, ta ɗaga waƙa a inda muryarta ta iya. Irmiya ya shigo da jita a wurin da ya saba, sama da ita nesa. Da yake lasifika tana goyon bayansa, matan suka bi jita. Tsohuwa ta yi ƙoƙari ta hau, muryar ta tsinke a tsakiyar baiti. Ta gyara ɗankwalinta, ta koma ta zauna.

Da suka isa gida ta ce, "Na gama waƙa a coci. Wanda ya ba ni muryar ya karɓi abinsa, ba zan yi jayayya da shi ba."

Maganar ta ci wa Irmiya rai ƙwarai. Ya tashi ya tafi wurin Malam Karniliyus, tsohon shugaban mawaƙa, ya ce, "Baba, me ya sa jitata ta kasa bin Mama?"

Dattijon ya ce ya kaɗa ya ji. Irmiya ya kaɗa da dukan gwanintarsa. Malam ya ce, "Hannu kam ya iya. Sautin nan da ka taɓa a ƙarshe, mene ne sunansa?"

Irmiya ya ce, "Ban sani ba, Baba."

Malam ya ce, "Tsirkiya ɗaya za ka riƙe, ɗana. Ka taɓa, ka jira sautin ya mutu, ka rera shi da bakinka, sa'an nan ka matsa gaba."

Ya koya masa do, re, mi, irin wanda ake koya wa mawaƙa. Ya nuna masa cewa daga do zuwa re ana tsallake gida guda, amma mi da fa maƙwabta ne, haka ma ti da do. Mutumin da ya saba a tafa masa ya koma taɓa tsirkiya ɗaya kamar ɗan koyo, har matarsa tana tambaya ko jitar ce ta lalace. Ya daure, yana sauraron kowane sauti da dukan hankalinsa.

Wata safiya ya fara do daga wani gida da yatsansa bai taɓa zuwa ba, ya bi matakan nan, sai ga waƙa ta fito daidai. Ya matsa wani gidan, ta sake fitowa daidai. Ya koma wata tsirkiyar, ya tarar sautin da ya bari a can yana zaune a nan ma. Da ya kai tsakiyar tsirkiya, sautin farko ya dawo masa, siriri, kamar 'ya mai kama da uwarta.  Ya kwantar da jitar a cinyarsa, ya ce, "Ya Ubangiji, ashe duk wannan yana hannuna shekara da shekaru? Wa ya shirya shi haka in ba kai ba?" Tsoron Allah ya kama shi.

Bayan kwanaki ya tarar da tsohuwarsa a tsakar gida tana tsince wake, tana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Ya zauna, bai kaɗa kome ba, sai da ya ji inda do ɗinta yake. Ya neme shi a kan tsirkiya mai kauri, ya taɓa a hankali. Tsohuwa ta tsaya.

Ya ce, "Ci gaba, Mama, ina bayanki."

Ta ci gaba. Murya da tsirkiya suka zauna wuri ɗaya, suka tafi tare har ƙarshen waƙar. Ta share ido da bakin zanenta, ta ce, "Ashe tana nan."

Ran Lahadi ta miƙe ta ɗaga waƙa. Irmiya ya jira sai da ta fara, sa'an nan ya shigo. Matan suka amsa, majami'a ta cika da murya, mutane da yawa suka yi kuka.

Ga ma'anar misalin, 'yan'uwa. Jitar ita ce Maganar Allah da aka sa a hannunmu. Wuri ɗayan nan da Irmiya ya saba, su ne 'yan ayoyi da addu'o'in da muka haddace daga bakin wasu, muna maimaita su hankalinmu yana wani wuri. Tsirkiya ɗaya kuwa ita ce zama da Maganar a hankali, aya bayan aya, har mu ga yadda Ubangiji ya shirya ta, mu yi mamaki. Ba wani hali da mutum zai shiga wanda Maganar ba ta da gida a wurin. Tsohuwar ita ce ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ciwo, ko rashi, ko faɗuwa cikin zunubi ta saukar. Mukan zo masa da abin da muka haddace, da ƙarfi, sama da inda yake. In ya kasa hawa, sai ya ce Allah ne ya ƙi shi. Almasihu bai yi mana haka ba. Shi ne ya sauko inda muke.

A cikinmu yau akwai wanda ya daina waƙa, ya kuma ɗora laifin a kan kansa. Kafin ka buɗe baki ka yi masa wa'azi a makon nan, zauna kusa da shi ka saurara, har ka ji inda muryarsa take.