Jirgin Nuhu Mai Ƙofa Ɗaya

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba, kuma ba wanda ya san ina rubuta wannan. Ban sani ba ko zan iya miƙa wa malamar makarantar Lahadi.

Akwai wani mutum, manomi, yana da 'ya ɗaya, sunanta Keziya. Da Kirsimeti ya matso, aka ce kowane yaro a makarantar Lahadi ya haɗa jirgin Nuhu na takarda ya kawo, irin wanda ake yankawa da almakashi, a ninke, a manna da gam. Keziya ba ta taɓa yi ba, amma ta ƙwallafa rai, zancensa take har a bakin murhu.

Mutumin ya tafi gari, ya shiga kantin littattafai. Mai kantin, wata dattijuwa, ta shimfiɗa masa iri biyu. Na farko aikin wani babban kamfani ne, yana ƙyalli, har gashin zaki ana gani, sai dai takardar siririya ce, guntayen ƙanana kamar farce, kuma ba bayani. Na biyu wani ƙaramin mai buga takardu ne ya yi, kwali mai kauri, kalarsa ba ta da haske, an sa lamba a kowane guntu, an ja layi inda za a ninke. Ta gaya masa cewa masu koyo da wannan suke farawa, don mai yinsa ya san hannun yara.

Mutumin ya tuna yadda iyaye za su zagaya tebur suna kallo. Ya ce, "Mama, 'yata ta fi ƙarfin na masu koyo." Ya ɗauki mai ƙyalli.

Keziya ta zauna a kan tabarma, ta yi ta yanka a hankali, harshe a waje. Da ta zo kan ƙofar jirgin, almakashi ya zarce, ƙofar ta rabu biyu. Ta duba takardar gaba da baya, babu wata. Ta sa gam, takardar ta jiƙe ta narke a yatsunta. Uban ya leƙo, bai yi faɗa ba, ya dai yi tsaki ya wuce. Ranar da za a kai jirage, ta ce kanta na ciwo.

Shi kaɗai ya je. Ya ga jiragen yara a jere, duk na kwalin nan ne, wasu a karkace, gam ya yi dama-dama, amma kowanne yana tsaye. Wata maƙwabciya ta nuna masa ragowar takardar ɗanta, tana dariya, ta ce ai shi ma ya yaga ƙofarsa, sai dai mai bugawar sau biyu ya buga ƙofar, don ya san ta farko ba ta cika tsira ba.

Mutumin ya koma gari ya sayo na kwalin. Keziya ta durƙusa ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya. Ta ce, "Baba, ka ba wani. Hannuna ba ya iya irin wannan." Ya lallashe ta, ta ƙi. Ya ɗora takardar a kan kabad.

Ma'anar wannan misali ita ce: jirgin nan bangaskiya ce, Keziya kuwa duk wani sabon mai bi, ko yaro a gidanku. Takarda mai ƙyalli ita ce nauyin da muke ɗora musu don mutane su yaba mana. Mai buga ƙofa biyu yana kama da Ubangiji, wanda ya san Bitrus zai yi musunsa, amma ya tanadar masa wata dama tun kafin ya faɗi. Mu kuwa ƙofa ɗaya muke bayarwa, in ta yage mu yi tsaki, daga baya mu zo muna mamaki don yaro ya daina zuwa.

Ga mamata can tana kirana. Abin da ya rage in ce shi ne, takardar tana nan a kan kabad, ba a yanka ba, kuma da wani zai zauna kusa da Keziya ya riƙe mata gefe ɗaya, wataƙila ta sake gwadawa.