Tauren Kirsimeti da 'Yar Tsakuwa

Akwai wani manomi mai 'yan awaki a bayan gida, wanda Allah ya yi shi da son sanin dalilin abu. In ya ga tururuwa ta ja layi, sai ya bi ta ya ga inda ta nufa. In rijiyarsa ta ƙafe, ba ya hutawa sai ya gano abin da ya hana ta maƙwabcinsa ƙafewa. Matarsa Dinatu takan ce masa, "Maigida, wata rana tambaya za ta hana ka cin tuwo."

Amma akwai abu guda da bai yarda ya tambayi kowa ba. Da shekaru suka fara ja, fitsari ya soma yi masa gardama. Yakan zaga ya daɗe a tsugune, sai ɗigo-ɗigo, ya tashi mararsa na nan da nauyi. Kunya ta rufe masa baki. Sai ya rage shan ruwa, yana cewa a ransa, abin da bai shiga ba ai ba zai nemi fita ba.

To, yana da wani taure da yake kiwo domin Kirsimeti. Ya ɗaure shi a turke, kullum yana cika masa dusa, har ya yi ɓulɓul. Wata safiya taure ya ƙi ci. Ya baje ƙafafu yana nishi, yana kuka, ba abin da ke fita. Kashegari ya kwanta.

Dinatu ta ce, "A yanka shi kafin ya zama mushe."

Mutumin ya yanka, ya feɗe. Da wani ne, da ya ware nama ya zubar da saura. Shi kuwa ya zauna da wuƙarsa yana dubawa. Can jikin gadon baya, cikin kitse, ya sami ƙoda biyu masu siffar wake, duk sun kumbura. Daga kowace ɗaya wata siririyar hanya kamar zare ta gangaro ta shiga mafitsara. Mafitsarar kuwa ta cika tam kamar za ta fashe. Daga nan hanya ɗaya ce tak ta yi waje. Ya bi ta da tsinin wuƙa a hankali, har kusa da ƙarshenta ya ji wani abu ya yi ƙaras. Ya fito da 'yar tsakuwa, ba ta fi ƙwayar dawa ba.

Ya ce, "Dinatu, zo ki ga abin mamaki."

Ta leƙo ta ce, "Wannan 'yar abar ce ta kayar da taure guda?"

"Ita ce ta tsare ƙofa. Amma ga abin da ya ɗaure mini kai. Ruwan da ya sha, ta ina yake bi ya zo nan? Na duba, ban ga hanya daga tumbi zuwa ƙoda ba, sai jijiyoyin jini."

Tana shirin yi masa dariya, sai ta dube shi ta fasa. Idonsa na kan mafitsarar nan, hannunsa na kan mararsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Abin da ya sami dabban nan, ni ma shi ke damuna."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin girbi."

Ta ce, "Haba, Maigida! Ka tambayi rijiya, ka tambayi tururuwa, ka kasa tambaya a kan ranka?" Ta ba maƙwabta naman su gyara, ta ɗauko mayafinta.

A asibiti likita ya taɓa marar, ya sa masa robar fitsari, abin da ya taru ya fita. Mutumin ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka sauke wa dami. Tun bai tashi daga gadon ba ya jefa wa likita tambayarsa ta ruwan taure.

Likita ya yi murmushi ya ce, "Baba, ka duba daidai. Ruwa daga hanji yake shiga jini. Jinin ne ke bi ta ƙoda dare da rana, ita kuwa tana tace shi kamar rariya. Abin da jiki ke bukata ta mayar masa, datti da rarar ruwa ta tura su mafitsara. Naka ba tsakuwa ba ce. Wani nama ne a bakin mafitsara da ke kumbura wa maza idan girma ya zo, ya matse hanya. Da ka ƙara daɗewa, da fitsarin ya koma baya ya ɓata ƙodar, dattin ya zauna cikin jininka. Ƙin shan ruwa kuma bai taimake ka ba."

Aka ba shi magani, aka sa masa ranar dawowa. Ya koma gida da ƙafafunsa, ya yi Kirsimeti cikin iyalinsa.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Kamar yadda jini ba ya rabuwa da datti muddin mutum na da rai, haka zuciya. Kullum wani abu na shiga: fushi, hassada, ƙaryar da aka yi don a tsira da mutunci. Ba mu ne ke tsarkake kanmu ba, kamar yadda ba wanda ya taɓa ba ƙodarsa umarni. Aikin alherin Allah ne, yana yin sa muna farke, yana yin sa muna barci. Ruhunsa yana warewa, yana nuna mana abin da bai kamata ya zauna a cikinmu ba.

Sai dai abin da aka tace dole ya fita, ƙofarsa kuwa ita ce tuba da furtawa. Abin da ke toshe ta sau da yawa ƙarami ne, 'yar kunya ce, ko ɗan girman kai. Wani ma yakan rage zuwa sujada, ya rage jin Maganar Allah, don kada ta taɓo masa wurin da ke ciwo. Laifin da aka riƙe kuwa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yana komawa baya, ya shiga magana, ya shiga aure, ya shiga addu'a.

A cikinmu akwai masu sanin abin da ke damun kowa a unguwa, amma shekara ta zagayo ba su tambayi zuciyarsu ba. In kai ne, ji wannan. Wanda ya halicce ka ya san za a sami datti a cikinka tun kafin ka sani. Bai ƙyamace ka ba, hanyar fita ya yi masa. Ka faɗa wa Ubangiji yau, ka nemi ɗan'uwa amintacce ka faɗa masa, tun kana tsaye da ƙafafunka.